Wayar Birki

Haliru ya aiko da sabon faifansa
cikin memori, ƙunshe a takardar sabulu.
Yaron da yak kawo yac ce: "Maigida na gaisuwa,
wai ka ji, in ka ji ka faɗi gaskiya."

Naw wanke hannu da fetur da toka,
nab bar kabu-kabun wani da ciki buɗe,
naz zauna bisa tsohuwar taya.

Ni na san Haliru tun yana shi kaɗai,
shi da jitarsa mai tsaga a ƙugu.
Bayan lisha, in zafin Sakkwato ya ƙi kwanciya,
sai mu shimfiɗa tabarma ƙofar gareji a Runjin Sambo,
shi yi ta waƙar Rima in ta janye,
da mata masu shanyar albasa,
da babansa da yar rasu da bashin taki.
Mu huɗu ne masu saurare, har da karen maigadi.
Kana jin haɗiyar yawunsa tsakanin baiti da baiti,
kana jin inda numfashi ke tsaya.

Wani dare tsirkiya ta uku tat tsinke.
Munka yi cigiya har Tsohuwar Kasuwa, babu.
Sai naw warware wayar birkin wani mataccen mashin,
naz zare sili guda, nag goge da sanfefa, munka ɗaura.
Tana zuza kamar zanzaro cikin kwalba.
Nac ce a cire. Yac ce: "Bar ta, Labbo,
ita ma Allah ya ba ta tata murya."

To, ga shi yau.
Waƙar farko ta faɗo kamar hadarin tsakiyar damina:
Cika ɗan Tureta bisa ganguna,
kalangu biyu na gardama,
wata jita mai kauri na dukan ƙirji daga ciki,
ga fiyano, ga ƙaho, ga mata uku na amshi.
Wagga Rima ba janyewa ta yi ba, ambaliya ce.
Yarana sunka yar da sifana suna rawa,
mai kunun zaƙi tad dire bokiti bakin hanya.

Ni ko sai lalube nike,
kamar mai neman noti cikin rairayi.
Ta biyu, ta uku, ta huɗu.
Nac ce a raina: nama ya yi yawa, ba a jin daddawa.
An sa wa abokina rigar da tah hi shi.
Har na miƙa hannu in kashe rediya.

Sai ta shida, waƙar babansa.
Ganga ta shigo a hankali, kamar mai tuɓe takalmi.
Daidai wurin bashin taki, duk sunka yi tsit.
Shi kaɗai. Na ji ya haɗiye yawu.
Sannan ga ta: zzz, zanzarona cikin kwalba,
bai canza ta ba, duk kuɗin Abuja,
tana nan da tsatsarta, ba ta jin kunya.

Da sunka dawo, ɗaya bayan ɗaya sunka dawo,
mai kalangu ya sa kafaɗa, mai ƙaho ya sa kafaɗa,
nat tuna ranar da munka kai tsohon Tudun Wada.
Shekara tara Haliru na ɗauke da shi shi kaɗai a tabarmata,
ina tafi, ina cewa ya yi daɗi.
Ashe makara ba ta ɗaukuwa ga mutum ɗaya.

Yaro na tsaye yana jiran amsa.
Mai kabu-kabu ya dawo, yana ta faɗan an ɓata mishi yini.
Nac ce: "Ka ce mishi ƙahon nan ya yi yawa a ta biyu,
wanga ban janye ba.
Sauran, in ya zo mu yi magana."

Nat tashi nad ɗauko filaya,
nay yanko sabon sili, nan naɗe shi a takardar sabulun.
"Kai mishi. Waccan ta tsufa,
kada ta tsinke mishi gaban duniya."